Tanon da Ba a Buɗewa

An turo ni aikin anfarme, wato ma'aikacin jinya, a wata ƴar likita ta ƙasar Adar damina biyu kafin babban yaƙin Nasara. Ina da shekara ashirin da ƴan kai, da farar riga biyu, da takardar shaidar cewa na iya wanke miki, na iya pikiri, wato allura, na kuma san bambancin kinin da maganin tsutsar ciki. Likitar ɗaki uku ce na ƙasa: ɗakin magani, ɗakin wankin miki, da ɗakin kwanciya mai tabarmi shida. Lokotoro, Nasaran da ya fi mu sanin magani, yana Tawa, sau biyu a shekara yake leƙo mu, in hanya ta yarda. Sauran kwanakin ni ne komai.

Wani lokotoro soja da ya zauna a garin kafin zuwana ya bar abin da ake tunawa da shi. Ya sa anka gina dandamalin dutse a bayan ɗakin wankin miki, ya fi tsayin mutum, anka ɗora tanon ƙarfe, wato babban duro, a kai. Daga gindin tanon bututu ya huda bango ya shigo ɗaki, da robine a bakinsa. In ka murɗa, ruwa ya zubo cikin wani kwano na siminti, daga kwanon kuma wani bututun ya bi ta ƙarƙashin daɓe ya fita zuwa wani rami da anka rufe da falalen dutse. Kullum da safe ƴan kaso biyu da gardinsu su kawo ruwa daga rijiya, su hau tsani, su ɗura ta wata ƴar kafa mai mazurari da tsumma. Murfin kansa an ɗaure shi da waya, an danne ƙullin da darma mai hatimi. A jikin bango akwai takarda da faransanci, mai cewa ba a buɗe murfin nan sai a gaban lokotoro. An ce dalili shi ne an taɓa kama wani gardi yana ajiye goronsa a ciki don kada ya bushe.

A duk ƙasar babu wani wuri da ruwa ke fitowa daga bango sai nan. Ranar kasuwa mutane daga Azarori da Urno da ƙauyukan da ke tsakani sukan biyo su gani. Wasu su ƙirƙiro ciwon kai don a bar su su shiga. Tsofaffi mata su zo da ƴan goruna a tsiyaya musu su kai gida, a shafa wa jikoki. Ban taɓa hanawa ba. Nakan murɗa a hankali, in dubi wani wajen, kamar wanda ya taso gidansu ana yin haka.

A Yamai, inda anka koya mana aiki, an gaya mana akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, waɗanda Nasara ke ce wa mikorob. Rana ɗaya anka jera mu, kowa ya leƙa madubin lokotoro da ido ɗaya ya gan su. Da layi ya zo kaina ban ga komai ba sai gashin idona, amma na ce na gani. Abin da na riƙe daga karatun shi ne mikorob na zaune a tabki, da ƙarƙashin akaifa, da tsummokaran mutanen ƙauye. Ba a ce mana yana iya zama a cikin ƙarfen gwamnati ba, ni kuma ban tambaya ba.

Shekara biyu na farko lafiya lau. Akwai wani magani da muke ce wa jan magani, ƙwaya kaɗan a cikin ruwa sai ya rine shi, da shi nake wanke miki. Da yaƙi ya tashi kaya sunka daina zuwa. Na riƙa rage ƙwayoyin, ruwan yana dusashewa daga ja zuwa ruwan hoda, har ranar da na karkaɗe kwalbar babu abin da ya faɗo. Daga nan sai ruwan robine zalla. Bandi ma ya ƙare, munka koma yanka farin yadin sawaye, ana wankewa a cikin kwanon siminti a shanya a sake ɗaurawa. Almakashi da hantsaki ina tafasa su kullum, kamar yadda anka koya mini. Ruwan ne kawai ban taɓa tafasawa ba, tunda ya bi ta tsumma ya kuma fito ta bango.

A daminar shekara ta uku na fara kwance bandi ina samun mugunya kore-kore, mai wani wari mai zaƙi wanda yake manne wa mutum a maƙogwaro. Majinyaci na farko na ce jininsa ne. Na biyu na ce bai kiyaye ba, ya shiga gona. Da sunka kai biyar na rubuta a littafi cewa cutar damina ce. A lokacin ne kuma kwanon siminti ya fara magana. In an yi ruwan sama mai yawa ramin waje ya cika, sai ka ji ɓulɓul a cikin bututu, baƙin ruwa ya taso ya tsaya a gindin kwanon na ɗan lokaci, sannan ya koma inda ya fito. Nakan ɗauraye da ruwan robine in ci gaba da aiki.

Akwai abin da ke cikin littafina baro-baro wanda ban karanta ba sai daga baya. Masu mikin da sunka zo sau ɗaya sunka ji zafi sunka gudu, yawancinsu nakan gan su a kasuwa suna tafiya da ƙafafunsu. Waɗanda sunka saurare ni suna zuwa kullum su ne ba su warkewa.

A cikin masu saurarona babu kamar wani manomin albasa daga fadama. Hauya ce ta sare shi a bayan ƙafa, saran bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Kullum da hantsi yana nan a kan jakinsa, ya gaishe ni, ya miƙe ƙafa, bai taɓa cewa wayyo ba. Nakan nuna shi ga sauran in ce ga yadda ake jinya. Wata guda yana zuwa. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, masassara ta kama shi, ƴan'uwansa sunka ɗauke shi zuwa gida, bayan kwana huɗu anka aiko mini ya rasu. Na rubuta rasuwar a littafi, na ja layi a ƙasa da rula.

Ba a yi sati biyu ba anka kawo wani makiyayi daga wajen Babankatami, bijiminsa ya tsaga masa ƙwauri da ƙaho a bakin rijiya. Magidanci ne mai ƴaƴa, amma uwarsa ce ta rako shi, wata doguwar tsohuwa mai ƙwarya uku a ɗaure cikin raga. Da shi Fulatanci take yi, da ni Hausa. Na ba shi tabarma a ɗakin kwanciya, ita kuma ta sauka a gindin aduwar da ke tsakar gida ta kafa murhu.

Washegari da na murɗa robine don in wanke masa, ta shigo ba sallama ta tara hannu. Na ɗauka tabarraki take so, kamar sauran tsofaffi. Ta sansana, ta ɗanɗana da bakin harshe, ta tofar a ƙofa.

Ta ce, “Ɗana, ruwan ga ya kwana.”

Na ce da safen nan anka ɗura shi, da idona na gani.

“Na yau bisa na jiya anka zuba. Yaushe rabon a wanke tulun?”

Na bayyana mata cewa ba tulu ba ne, tano ne, kuma akwai takarda. Ta saurara har na gama, ta sake tambaya yaushe rabon a wanke shi. Na lissafa shekaruna uku da na wanda na gada biyu, na ce ba a taɓa ba. Ta dube ni, ta dubi farar rigata, ta ce wa ɗanta wata magana da Fulatanci wadda har yau ban nemi fassararta ba.

Daga baya a gindin aduwa ta yi mini karatu. Ta ce ƙwaryar nono in ta kwana ɗaya ba a dirje ta da rairayi an ɗauraye da ruwan zafi an kifa ta a rana ba, madarar da za a tatsa a ciki gobe ta lalace, ko da saniyar sarki anka tatsa. Ta ce ba madarar ke da laifi ba, abin da ya maƙale a jikin ƙwaryar ne, wanda ba a gani sai dai a ji santsinsa a yatsa. Na ce ai wannan shi ne mikorob. Ta ce ita ba ta san sunansa ba, ta dai san ba ya son wuta. Ta kuma ce ɗanta ba za a sake taɓa shi da ruwan bango ba, in ba haka ba yau za ta aza shi a kan bijimi su koma daji.

Ban yarda don na gamsu ba. Na yarda ne don kada a ce majinyaci ya gudu daga tabarmata. Ta tafasa ruwa a tukunyarta ta sa ɗan gishiri, ta tafasa sawayen a wata tukunyar, ni kuma na yi wankin. Da anka tashi aiki na shiga ɗakin ni kaɗai na zura ƙaramin yatsana a bakin robine. Ya fito da wani yauƙi mai santsi, ruwan toka. Na cire ragar da ke gindin kwanon na zura karan dawa cikin bututun magudana, ya fito baƙi ƙirin, da irin warin nan mai zaƙi da nake ji a bandi. Na daɗe tsaye da karan a hannu. Manomin albasa nake gani yana miƙe ƙafa a gefen kwanon nan, ni kuma ina yaba masa.

Da safe na tafi bariki wajen kumandan neman izinin yanke darma. Ya karanta kwafin takardar da na kawo, ya ce wannan maganar lokotoro ce, shi ba ya sa hannu a hatimin da ba nasa ba, in rubuta wasiƙa Tawa. Na rubuta, raƙumin wasiƙu ya tafi da ita. Na dawo na ɗaure robine da tsumma, na sayo randa biyu, na sa ana tafasa ruwan aiki. Wannan bai yi wa gari daɗi ba. Ranar kasuwa mutane sunka zo da gorunansu sunka tarar da randa irin ta gidansu. Wata tsohuwa ta ce in don randa ce ai da ba ta baro Urno ba. Anka fara cewa anfarme ya ɓata ruwan Nasara, wasu kuma sunka ce sayar da shi yake yi a ɓoye. Ƴan kaso dai ba su fasa ɗura ruwa a tano ba, don su ma ba a ba su takardar dainawa ba. Da ya cika ya riƙa tumbatsa yana bin bango.

Kwana goma babu amsa. Na je maƙera na kira sarkin maƙeran garin, wani dattijo mai ido ɗaya, na nuna masa abin, na fassara masa takardar kalma-kalma. Ya zagaya dandamalin sau biyu ya ce in sake karanta masa. Na sake.

Ya ce, “Murhi anka ce. An yi maganar gindi?”

Na duba, ba a yi ba.

Ya hau tsani da awartaki ya kwance bututun daga gindin tanon. Ruwa ya fara zubowa garau, sannan ya koma kalar kunun kanwa, sannan ya tsaya. Ya soka ƙarfe, wani curin laka ya faɗo, bayansa ƙasusuwan ƙadangaru, ban ƙirga ba, da fuffuken wani abu, da ɗan guntun tsumman mazurari na shekarun baya. Mutane sun taru suna kallo. A cikinsu akwai waɗanda sunka sha ruwan nan don neman lafiya. Wani dattijo ya juya ya tafi bai yi wa kowa sallama ba.

Munka sauko da tanon da igiya, murfinsa a ɗaure, hatiminsa lafiya. Maƙerin ya toshe kafar gindi da itace. Uwar makiyayi ta karɓi ragamar aikin ba tare da an ba ta ba. Ta sa anka ɗura tsakuwa da rairayi da toka ta kafar mazurari, anka bi da tafasasshen ruwa, anka toshe, ƴan kaso sunka riƙa gangara tanon daga wannan bango zuwa wancan, gardinsu na bin su a baya da bindiga. A zubar, a sake. Sau bakwai munka yi kafin ta sansana ruwan da ya fito ta ce to. Anka kwantar da shi a rana wuni biyu, ana juya shi kamar kilishi.

Bututun ruwa da robine maƙerin ya kai maƙera. Bututun ya sa a wuta har ya yi ja, robine kuma ya warware shi gunduwa-gunduwa anka dafa, sannan anka mayar da su jikin tanon a kan dandamali. Na magudana sai da munka fasa daɓe kafin a ciro shi, ya ruɓe rabi, cikinsa ya toshe saura kafa kamar ta tsinke. Maƙerin ya ce wannan ba ya gyaruwa, sabo kuwa sai bayan yaƙi. Ya ba da shawarar a kira matarsa, maginiyar tukwane. Ta gina mana indararo na yumɓu, buɗaɗɗu ta sama, ta gasa su, munka jera su daga kwanon zuwa waje a gangare, yadda duk abin da ya bi ta ciki ido na ganinsa, tsintsiya na kai masa. Tsohon ramin munka cika da toka da ƙasa. Munka haƙa sabo can gangaren tudu, nesa da rijiya, munka cika shi da duwatsu. Tun daga ranar kwanon bai sake magana ba.

Na tsara wa kaina ƙa'ida. Duk ranar Alhamis a sauke tano a gangara shi. Kullum bayan aiki a kwarara tafasasshen ruwa a kwano da indararo, a dirje da toka. Ruwan robine na wanke hannu da ɗaki ne, na miki sai wanda ya tafasa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne itace, don ƙasarmu ba ta da shi da yawa. Sai na ce duk wanda ya zo wankin miki ya riƙo kara ko kashin shanu busasshe. Kafin kaka koren nan ya ɓace daga bandi. Ba na cewa kowa ya warke. Amma masu zuwa kullum sun daina zama su ne marasa sa'a.

Makiyayin ya yi wata ɗaya da rabi. Mikin ya rufe, ya bar masa tabo mai zurfi da ɗan ɗingishi. Ranar tafiyarsu na yi wa uwarsa godiya da dogon jawabi, na ce ta koya mini abin da ba a koya mini a Yamai ba. Ta ce ba komai, ta kuma ce randar da ke ɗakin magani ita ma tana son wanki.

Bayan tafiyarsu na ari doki na je fadama gidan manomin albasa. Na riga na yi musu gaisuwa tun farko ta bakin ɗan aike, wannan zuwan na daban ne. Wansa ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Na gaya masa duk yadda anka yi, da ruwan, da bututun, da cewa da ɗan'uwansa ya ƙi jin maganata wataƙila da yana nan. Ya saurara yana murza tasbaha. Ya ce kwana ne ya ƙare, ba ni ke raba kwanaki ba. Sannan ya tambaye ni ko yanzu an gyara. Na ce an gyara. Ya ce to madalla, don shi ma ɗansa yana da miki a idon sawu, suna ta tunanin ko su kawo shi. Da zan tashi ya sa anka ɗaura mini albasa a bayan sirdi. Na so in ƙi karɓa, ban sami hanyar ƙi ba. Sati guda ina cinta.

Lokotoro ya zo bayan girbi. Saurayi ne sabo, ba wanda ya rubuta takardar ba. Ya zagaya bayan ɗaki, ya hau tsani, ya duba darma ya ga hatimi bai motsa ba, ya yaba mini da kiyaye doka. Sai ya lura da lotsattsen jikin tanon, da indararon yumɓu, ya tambaya. Na ba shi labari tun daga jan magani har gangarawa. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya karɓi littafina ya zauna a kan akwatin magani ya karanta watannin damina shafi-shafi, ya tsaya a inda na ja layi. Ya ce a manyan likitoci na ƙasarsu ma ana samun koren nan, kuma sau da yawa daga wajen wanki yake fitowa. Ya ciro wuƙa daga aljihu ya yanke wayar da kansa. Munka leƙa tare. Babu komai a ciki sai ruwa da tsakuwa uku da sunka ƙi fita.

Ya yage tsohuwar takarda ya rubuta sabuwa, mai cewa a buɗe murfin nan a wanke duk sati, ya sa hannu ya buga hatimi. Ya tambayi sunan tsohuwar don ya sa a rahotonsa, na ce ban sani ba, Inna nake ce mata. Amsar wasiƙata ta iso kwana tara bayan tafiyarsa, tana cewa a dakata har lokotoro ya zo.

Na ƙara shekara biyu a nan kafin a ɗauke ni zuwa wajen Keita, inda likitar ba ta da ko ƙofa, balle tano. Wanda ya zo ya gaje ni a nan ɗan Damagaram ne, ya girme ni a aiki. Na zagaya da shi na nuna masa komai, na bayyana masa Alhamis da toka da tafasasshen ruwa. Ya ce duk ya ji, amma shi anfarme ne, ba mai wankin tukwane ba. Na ce haka ne. Na ba shi karan dawa na ce ya zura a indararon da ba a dirje ba tun jiya, ya shafa da yatsa. Ya zura, ya shafa, ya sansana, ya nemi sabulu. Na ce sabulu ya ƙare tun bara, na nuna masa inda muke tara toka.